Yarinyar da ta baje a kan shuɗiyar kujera: muhawara kan zanen Mary Cassatt na 1878

Anti Zulai:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga zanen da nake so mu tattauna a kansa wannan makon. Ba'amurkiya Mary Cassatt ce ta yi shi da fentin mai a birnin Faris a 1878, yanzu kuma yana rataye a gidan adana zane na National Gallery of Art da ke Washinton. Mai son ganinsa da kyau ya nemi Little Girl in a Blue Armchair a intanet.

Ga waɗanda hoton bai buɗe musu ba: wata 'yar yarinya ce an ci mata ado da farar riga mai leshi, an ɗaura mata mayafi mai gidan dara a ƙugu, safarta ma kalar mayafin, ga baƙin takalmi yana ƙyalli. Amma ta zame a kan kujera, ta tallafe ƙeya da hannu ɗaya, ta miƙe ƙafafu, rigar duk ta tattare. Ba ta kallon mai zanen, ba ta murmushi. A kujerar da ke kusa da ita wani ɗan mitsitsin kare yana kwance. Sauran ɗakin manyan kujeru ne shuɗɗa, babu tebur, babu hoto a bango, babu babba ko ɗaya.

Cassatt ta kai shi sashen Amurka na babban baje kolin duniya da aka yi a Faris a shekarar, alƙalai suka ƙi karɓa. Ni a ganina sun ƙi shi ne don ya faɗi gaskiya game da yara. Me kuka gani?

Baba Alhaji:
Wa alaikumus salam. Zulai, da ina cikin alƙalan nan, ni ma ba zan karɓa ba. Wannan ba zaman 'ya mace ba ne. Ko jikata ce na shigo na tarar da ita haka, zan ce ta gyara zama. Yaro yana iya yin abin da ya ga dama a cikin gida, wannan ba komai, amma babba ya zauna ya ɓata kwana da kwanaki yana zana shi a haka, har bayan shekara fiye da ɗari yana rataye a bainar jama'a? Iyayenta sun yi mata wanka, sun sa mata kaya masu tsada. Mutunci shi ne a nuna ta yadda suka shirya ta.

Anti Zulai:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina koyar da 'yan aji biyu, kuma wannan zaman nake gani kullum idan rana ta take. Yaron da ya gaji bai yi laifi ba. Abin da ya burge ni shi ne mai zanen ta lura da gajiyar, ta ga ta isa a zana.

Mai Burushi:
Baba, ka yi haƙuri in sa baki ta fuskar sana'a, tunda zane na karanta a Zariya. Fentin mai garin launi ne da ake kwaɓawa da man 'ya'yan wata shuka, irin wadda ake saƙa yadin lilin da zarenta. Ba ya bushewa nan take, sai ya yi kwanaki. Saboda haka mai zane yana yin shafi ɗaya, ya jira, ya dawo ya ɗora wani. Wanda ake zanawa kuma dole ya yi ta dawowa yana zama a wuri ɗaya. Babba ma yana ƙosawa, balle yaro. Duk wanda ya taɓa zana yaro ya san minti kaɗan ne zai ba ka, daga nan sai hamma, sai zamewa, sai juya kai. Yawancin masu zane suna kawar da ido daga wannan, su zana yaron da iyaye suke so su gani. Ita ta zana wanda yake gabanta.

Kuma irin zanen da Baba yake so akwai shi a Amurka, da yawa ma. Ku nemi aikin Ammi Phillips, wanda ya rayu daga 1788 zuwa 1865. Shi mai zanen yawo ne, yana bin garuruwan Konetikat da Masacusets da jihar Niyok, iyalai suna biyansa yana zana su. Yana da wani sanannen zane na wajen 1830 zuwa 1835, yarinya da jar riga, ta zauna a miƙe, da murjani a wuya, ta rungume farar kyanwa, kare yana kwance a ƙasa. Yana da kyau ƙwarai, ba na musu. Amma ya zana wasu yaran da kusan wannan rigar da wannan zaman. Fuska ce kawai take sauyawa.

Baba Alhaji:
Na nemo na Phillips ɗin na gani. To wannan shi ne hoton yaro. Ka ga natsuwa, ka ga kamala. Idan ya maimaita riga, ai ba laifi ba ne, tela ma yana maimaita ɗinki.

Nafi'u Mai Hoto:
Baba, ni a shago nake ganin abin da idona ranar sallah. Uwa ta kawo yaro an sa masa sabuwar shadda mai sitaci, hula ta matse masa kai, a ce tsaya, kada ka motsa, buɗe ido, rufe baki. In na ɗauka, hoton yana fita tsaf, iyaye su biya su tafi da murna. Amma akwai wanda nake ɗauka a tsakani, lokacin da yaron ya ɗauka an gama, ya jingina da bango yana sosa wuya inda sitacin ya cuce shi. Sau da yawa uwa idan ta ga wannan a kwamfuta sai ta ce in wanke mata shi ma, don shi ne ya fi kama da ɗanta. Na farkon ne ake sawa a falo, na biyun a cikin waya ake ajiye shi. Cassatt ta ɗauki na biyun ta ce shi ma ya cancanci falo.

Hadiza Merilan:
Ni na tsaya a gabansa, tunda ba mu da nisa da Washinton kuma shiga gidan kyauta ne. Abin da waya ba ta nunawa shi ne girmansa. Faɗinsa kusan santimita 130, tsayinsa kusan 90. Shuɗin nan yana cika ido tun daga nesa. Idan ka matsa kusa, furannin da ke jikin kujerun ba furanni ba ne, shafe-shafen burushi ne kawai, an ja su da sauri, wani wurin har kana ganin sawun gashin burushin. Ka ja da baya taku uku sai su koma furanni. Amma fuskar yarinyar an zauna an yi ta a tsanake. Bakin ya ɗan turo, idanu sun faɗa ƙasa gefe guda. Baba, wallahi ban ga rashin kunya a fuskar nan ba. Abin da na gani yarinya ce da aka bari ita kaɗai cikin kayan manya, kujerun sun fi ƙarfinta, ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa da kyau.

Malam Auwalu:
Ina tunatar da mu cewa akwai hadisai masu tsanani a kan zana abu mai rai. Kada sha'awa ta sa mu manta.

Anti Zulai:
Mun gode Malam, tunatarwa ce mai kyau. Mai niyyar kama burushi ya tambayi malamai kafin ya fara. A nan tarihin zanen da abin da ya nuna muke dubawa.

Isufu Damagaram:
Ina wuni jama'a. Labarin ƙin karɓar daga bakin Cassatt kanta ya fito. Wajen 1903 ta rubuta wa Ambroise Vollard wasiƙa, wani sanannen dillalin zane a Faris. A ciki ta ce yarinyar 'yar abokan Edgar Degas ce, shahararren mai zanen Faransa, ba ta ambaci sunanta ba. Ta ce Degas ya ga aikin ya yaba, ya ba ta shawara a kan bayan hoton, har ma ya sa hannunsa ya yi aiki a wurin. Sannan ta ce alƙalai uku ne suka ƙi shi, ɗaya daga cikinsu mai haɗa magunguna ne. Shekara ashirin da biyar bayan abin, haushin bai bar ta ba.

Sadiƙ:
To ashe! Ni dama na ce wannan tsarin ɗakin ya yi kama da na Degas. Kenan zanen da ake ta yabon mace a kansa namiji ne ya gyara mata. Me ya sa ba a rubuta sunansu su biyu ba?

Mai Burushi:
Sadiƙ, ƙanena, tsaya mu duba abin da ya yi da wanda bai yi ba, don an bincika. Kafin baje kolin da gidan ya shirya a kan su biyun a 2014, masu gyaran zane sun wanke tsohon man ƙyalli da ya dushe a kansa, suka haska shi da hasken infirared, wanda yake ratsa fentin sama ya nuna abin da ke ƙasa. Suka ga da farko Cassatt ta yi bango ɗaya ne miƙaƙƙe a bayan kujerun. Aka zo aka ja layi a karkace, aka fitar da kusurwar ɗaki, sai wurin ya yi zurfi. Wannan shi ne hannun Degas, kuma irin jan burushin da ke wurin ya bambanta da nata. Bayan haka ita ta gyara zaman doguwar kujerar baya don ta dace da sabon bangon. Binciken ya nuna ma ta gwada ajiye karen a ƙasa kafin ta bar shi a kan kujera.

Yarinyar, zamanta, fuskarta, rigarta, kujerun, shuɗin, duk nata ne. Abin da muke ta jayayya a kansa tun safe, wato yadda yarinyar ta baje, Degas bai taɓa shi ba. Kuma a wurin masu zane, ka shiga ɗakin aikin abokinka ka ce kawo burushin in nuna maka, ba baƙon abu ba ne.

Sadiƙ:
Na ji, Yaya. Amma kai da bakinka ka ce kusurwar ce ta ba ɗakin zurfi. Cire ta ka gani ko zanen zai kai inda ya kai. Ƙaramin gyara a wurin da ya dace yana iya zama rabin aiki.

Hadiza Merilan:
Sadiƙ, wa ya faɗa mana Degas ya taɓa zanen? Cassatt kanta. Da ta yi shiru, da an yi shekaru babu wanda ya sani. Wadda take tsoron a ce ba ta iya ba, ba za ta rubuta wa dillali wannan ba. Sannan ka duba ɗaya ɓangaren. Degas ya girme ta da shekara goma, an haife shi a 1834, ita a 1844, kuma kowa ya san shi da tsauri wajen yabon aikin wani. Duk da haka shi ya gayyace ta cikin ƙungiyarsu ta masu zane a 1877, ya tara ayyukanta a gidansa. Zanenta na 1886 na wata yarinya mai gyara gashi yana hannunsa har ya mutu a 1917. Mutum ba ya ajiye aikin wanda ya raina.

Abin da yake ci mini rai shi ne, idan namiji ya karɓi shawarar ubangidansa sai a ce ya yi ladabi, idan mace ce sai a ce yi mata aka yi.

Sadiƙ:
Anti, ban ce ba ta iya ba. Na ce a ba kowa haƙƙinsa.

Isufu Damagaram:
An ba shi, Sadiƙ. Gidan da kansa ya shirya baje koli guda ya bayyana wa duniya inda hannunsa yake. Sa hannun da ke ƙasan zanen kuma nata ne, shi bai nemi a sa nasa ba.

Ku bari in ƙara bayani kan halin da Cassatt take ciki a lokacin, don ya danganci tambayar Anti Zulai. An haife ta a Allegheny, wanda yanzu ya shige cikin birnin Pittsburgh. Ta fara karatun zane a Filadelfiya tana budurwa, ta wuce Faris, inda babbar makarantar zane ta gwamnati ba ta ɗaukar mata sai a 1897. Saboda haka ta biya malamai suna koya mata a gefe, cikinsu har da Jean-Léon Gérôme, tana kuma zuwa Louvre, babban gidan adana zane na Faris, tana kwaikwayon tsofaffin zane. A wancan zamanin, wanda yake son suna dole aikinsa ya shiga Salon, baje kolin hukuma na shekara-shekara. Nata ya fara shiga a 1868. A 1877 aka dawo mata da duka biyun da ta aika. A shekarar Degas ya ce ta zo wajensu, 'yan Imfireshanis, waɗanda tun 1874 suke shirya nasu baje kolin ba tare da alƙalai ba. Da suka yi na huɗu a 1879, ta rataye ayyukanta, har da wannan yarinyar.

Don haka ni ba na ɗora laifin duka a kan zaman yarinyar. Idon alƙalan lokacin ya saba da fenti mai santsi wanda ba a ganin sawun burushi. Wannan kuwa, kamar yadda Hadiza ta ce, shafe-shafe ne, an yanke kujeru a gefen hoton irin yadda masu zanen Japan suke yi, tsakiyar hoton kuma daɓe ne fanko. A wurinsu aiki ne da ba a gama ba.

Anti Zulai:
Malam Isufu, maganarka tana da ƙarfi. Amma ni ina ganin abu biyun a haɗe suke. Wadda ta yarda ta bar sawun burushi a fili ita ce za ta yarda ta bar yarinya a yadda ta same ta. Mai goge kowane tabo daga fenti, zai goge gajiya daga fuskar yaro ma.

Kwamared Bala:
Ku yi haƙuri, ni wani gefen nake kallo. Ana ta cewa gaskiyar yara. Waɗanne yara? Wannan 'yar masu hali ce, a falon masu hali, da karen gida irin na Beljiyam da ake riƙo don ado. Cassatt kanta 'yar gidan kuɗi ce, wanta Alexander shi ya zama shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Pensilbaniya a 1899. A jihar da aka haife ta, a shekarun nan, yara maza ƙanana suna zaune a mahaƙar gawayi tun safe har yamma suna tsince duwatsu daga cikin kwal da hannu. Amurka ba ta samu dokar tarayya mai ɗorewa a kan aikin yara ba sai 1938. Waɗannan yaran ba su da kujerar da za su baje a kai. Gundura ma sai wanda ya ƙoshi.

Isufu Damagaram:
Gaskiya ne. A Faransa ma sai a 1874 doka ta sa shekara 12 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga masana'anta, kuma da rangwame ga wasu sana'o'in.

Hadiza Merilan:
Kwamared, ban ƙi ba, amma ka tuna mace mai matsayinta a Faris ta lokacin ba ta shiga inda ta ga dama. Degas yana zuwa gidajen shayi da filin sukuwa da bayan dandamalin 'yan rawa, yana zana abin da ya gani. Ita falo ne nata, da lambu, da gidan wasan kwaikwayo idan da mai rakiya. Daga 1877 ma iyayenta da yayarta Lydia sun dawo Faris suna zaune tare. Ta zana duniyar da aka bar mata, kuma a cikinta ta ƙi yin ƙarya. Ba za a tuhume ta da mahaƙar da ba ta da hanyar shiga ba.

Kwamared Bala:
Ban tuhume ta ba. Ina so ne idan mun ce yara, mu san ba duka muke nufi ba.

Sadiƙ:
Wani abin mamaki, na karanta Cassatt ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, amma da zanen uwa da ɗa aka fi saninta.

Goggo Hajara:
Sadiƙu, ɗana, wannan ba abin mamaki ba ne. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, amma 'ya'yan ƙannena a ɗakina suka tashi, a bayana suka yi barci. Uwa tana da girki, tana da wanki, tana da mai gida, wani lokacin ba ta da sukunin zama ta kalli yaro. Wadda take gefe ita take ganin lokacin da ya yi shiru, da abin da ya sa ya yi shirun. Da na ga hoton nan ban tsaya kan ƙafafunta ba. Hannun nan da ta kai ƙeya na kalla. Yaron da aka ce ya jira, bai san ranar da jiran zai ƙare ba, haka yake yi.

Alhaji, kai kuma, da girmanka. Ka ce da jikarka ce za ka ce ta gyara zama. Za ka ce, na sani. Amma kafin ka ce, ba za ka ɗan tsaya a bakin ƙofa ka kalle ta ba?

Baba Alhaji:
Hajiya, zan tsaya, zan kalla, zuciyata ma za ta yi sanyi. Amma ni kakanta ne. Abin da kaka ya gani a bakin ƙofa ba na kasuwa ba ne. Nan ne muka rabu da ku. Yarinyar nan ba a tambaye ta ba. Ta girma, ta zama matar wani, watakila uwar wasu, hotonta tana ƙarama da riga a tattare yana yawo daga hannu zuwa hannu, har attajirin Amurka Paul Mellon da matarsa suka mallake shi suka ba gidan nan a 1983, kamar yadda na gani a rubuce a ƙarƙashin hoton. Yau ga mu a nan muna tattauna ƙafafunta. Ina faɗin haka ne don ina ganin yadda iyaye suke watsa hotunan yaransu a Facebook, yaro yana kuka, yaro yana wanka, ba wanda ya yi tunanin ranar da zai girma ya gani.

Anti Zulai:
Baba, wannan maganar ta hotunan yara a Facebook ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma ina faɗa wa iyayen ɗalibaina. Inda ban bi ka ba shi ne, zanen bai tozarta ta ba. Babu abin dariya a cikinsa, babu abin kunya. An ɗauki ɓacin ran yarinya ƙarama da muhimmanci, an ba shi allo mai faɗin fiye da mita, irin wanda ake ba manyan mutane.

Baba Alhaji:
Zulai, Allah ya yi miki albarka. Ke kina kallon niyyar mai zane, ni ina kallon haƙƙin wadda aka zana. Ina nan a kan bakana.

Nafi'u Mai Hoto:
Yaya Mai Burushi, tambaya ta sana'a. Shuɗin nan da bai dushe ba shekara fiye da 140, a ina suke samunsa?

Mai Burushi:
A lokacinta ya riga ya yi araha. A da, shuɗi mai kyau daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Afganistan, tsadarsa tana gogayya da zinariya, shi ya sa tsofaffin masu zanen Turai suke tattalinsa. A 1802 aka haɗa shuɗin kobal a Faransa, a ƙarshen shekarun 1820 kuma aka gano yadda za a haɗa irin na dutsen a masana'anta. Sannan a 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga ciki. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulla shi, in an huda sai ya fara bushewa. Da waɗannan ne mutum zai iya shafe kujera huɗu da shuɗi ba tare da ya karye ba. Idan za ka wanke hoton a shagonka, Nafi'u, ka sauke shi daga shafin gidan da kansa, suna bayarwa kyauta kuma launin ya fi daidai. Waɗanda ke yawo a waya sun cika kore.